Matakala Sittin da Huɗu

Mu mutanen unguwar Limbuwadi muna da baiwa guda: in aka ce mu ɗan sa hannu a abu, sai mun sa har ƙafa. Jagoranmu a wannan fage shi ne Hasmukh Panchal, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda tun da ya yi ritaya bai bar wani ofishi ya huta da wasiƙunsa ba.

Amma abin da ya dame shi a wannan karon na gaskiya ne. Babban titi mai layi shida ya raba unguwar biyu, kuma kullum da hantsi matarsa Kokila ke tsallaka shi da jerin kwanukan abinci, ta kai wa yayarta Jasoda, wadda mijinta ya rasu, idonta kuma ya yi rauni. Gwiwoyin Kokila sun daɗe da yi mata tawaye. Takan ɗaga hannu ta kutsa cikin motoci kamar kowa, sai dai ita a hankali. Ranar da wani mai babur ya goge ta, miyar waken dal ta zube a kwalta, Kokila miyar kawai ta yi ta jimami. Hasmukh kuwa tsoro ya hana shi cin abinci kwana biyu.

Ana nan sai labari ya zo cewa hukumar birni ta sayar da takardun lamuni, ta tara rupi biliyan biyu don gyaran hanyoyi da kare masu tafiya a ƙasa. Hasmukh ba ya neman komai sai fitilar danja ɗaya da farin zane, motoci su tsaya minti guda tsofaffi su wuce. Ya je ofishin hukumar, ya saya wa masinja shayi, ya samo sirri: za a tura mai ƙidaya kowace mahaɗa, kuma inda masu tsallakawa suka yi kaɗan ba za a kashe ko sisi ba. Masinjan ya buɗe baki zai ƙara wani bayani, amma Hasmukh ya riga ya kai ƙofa.

Ya tara mu a gindin darbejiya. "Ranar Talata kowa zai tsallaka," ya ce. "Wanda ya tsallaka ya dawo. Wanda ya dawo ya sake riga ya koma."

"Yaya Hasmukh, wannan ba ha'inci ba ne kuwa?" in ji Dalsukh mai shayi.

"Ha'incin me? Ba da ƙafarka za ka tsallaka ba?"

Muka tafa. A gida Kokila ta ce, "Kana ji ko," domin da haka take kiransa shekara arba'in, "ka bar mutane su ƙirga abin da suka gani mana."

"Ke dai ki ji da tukunyarki. Wannan aikin ofis ne, ba za ki gane ba."

Ranar Talata wata mata ta zo da laima da kujera da wata 'yar na'ura da take dannawa da babban yatsa duk sa'ad da mutum ya tsallaka. Ai kuwa ta ga ikon Allah. Matan da ke koyon rawar biki suka tsallaka a jere, suka dawo da mayafai daban. Tela ya ba da aron rawuna. Wata tawagar ango da ke wucewa, da makaɗansu da farar goɗiyarsu, aka lallashe su suka tsallaka sau uku. Mutanen da suka shekara ba sa ga maciji suka riƙe hannun juna a tsakiyar titi. Ban taɓa ganin haɗin kai irin na ranar ba, kuma har yau kunyarsa nake ji.

Wajen azahar matar ta kira Hasmukh. "Kaka, rawanin nan ya fi hular ɗazu yi maka kyau."

"Ba ni ba ne, ƙanena ne."

"To ka gaya wa ƙanen naka da sauran 'yan'uwanku bakwai ya isa haka. Da gaske nake. Ni duk wanda ya wuce sai na danna, aikina ke nan. Amma adadin nan in ya haura…"

"Ki dai danna, 'yata."

Ya dawo yana murmushin wanda ya kama ɓarawo. "Kun ji ta? So take ta rage mu, a kai kuɗin unguwar masu hali. A ninka!" Muka ninka. Da yamma na'ura ta nuna dubu goma sha ɗaya, a unguwar da ba ta kai mutum dubu biyu ba har da jarirai.

Bayan wata tara aka buɗe aikin. Ba fitila, ba farin zane. Gadar sama ce ta masu ƙafa, doguwa, shuɗiya, mai matakala sittin da huɗu. An ja shingen ƙarfe a tsakiyar titi, kilomita guda ta kowane ɓangare, don kada wani ya bi ta ƙasa. Lif kuwa, an ce sai kashi na biyu na aikin.

Mun rataya wa Hasmukh furanni a wuya, ya karɓa, don ya za a yi. A cikin taron ya yi kiciɓis da matar mai laima.

"Ƙa'ida ce, Kaka," ta ce. "Daga ɗari biyar zuwa dubu huɗu, fitila ake sawa. In ya haura, fitila za ta cushe titi, sai gada. Ranar ƙidayar da safe, kafin ku fara, na yi ƙiyasin ku kusan ɗari tara ne."

Washegari Kokila ta ɗauki kwanukanta, Hasmukh ya bi ta. Ta kama ƙarfen gada ta hau ɗaya, biyu, har goma sha ɗaya, sai ta zauna. Ba ta yi masa gori ba, da ma ta yi. Kwanukan kawai ta miƙa masa ta ce, "Je ka kai mata kafin ya huce."

Akwai keke mai ƙafa uku, amma sai ya yi zagayen kilomita biyar a hanya mai ramuka, ta dawo ta kwanta wuni guda. Don haka ziyarar kullum ta koma ta Lahadi.

Yanzu shi ke kai abincin. Yakan tsaya sau uku yana haki, a sama kuma babu kowa sai iska da tantabaru. Matasanmu sun riga sun lanƙwasa ƙarfe biyu na shingen, suna bi ta ƙasa. Kafar ta yi wa Kokila ƙanƙanta.

Rannan Jasoda ta laluba ta karɓi kwanukan, ba ta buɗe ba. "Kai kana tsammanin abincin nake jira? Maƙwabta ma za su ba ni. Ita ce ke shafa min mai a ka, tana ba ni labarin kowa." Ya tsaya kamar an dasa shi. Wannan karon ya rasa ofishin da zai rubuta wa.

Da ya dawo ya tarar da Kokila zaune a matakalar farko, tana kallon tagar yayarta ta tsakanin motoci.

"Kana ji ko," ta ce. "Yau mutum nawa suka hau gadar taka?"

"Biyu."

"Su wa?"

"Ni, zuwa da dawowa."

Ta gyaɗa kai, ta karɓi kwanukan jiya daga hannunsa. "Gashinta fa? Ka duba ko an taje mata?"

Bai duba ba.