Layi Ɗaya Kowace Safiya

Kafin Baba ya kwanta ciwon ƙarshe, ya yi wa Mama ɗan shafin intanet. Ba shi da hoto, ba shi da ado. Fayil ne guda na rubutu zalla a kan saba, kwamfutar da ke riƙe da shafin, sai 'yar manhaja da ke buɗe shi kowace safiya ta karanta layi ɗaya, ta nuna wa Mama a waya. Gobe kuma ta ɗauko na gaba.

Layukan gajeru ne kamar maganarsa. Wani ya ce ta sha magani kafin shayi, wani ya tuna mata ranar da ta ƙona masa riga da dutsen guga ta ce wai rana ce. Mama ta hana kowa leƙa fayil ɗin. Ba ta son sanin abin da ya rage.

Da tsohuwar sabar ta gaji, Auta ce ta kwashe komai zuwa sabuwa, don ita ta gaji sana'ar Baba. Washegari a wurin aiki ta buɗe shafin. Rubutu ya cika allo har ƙasa. Tsohuwar kwamfutar Baba tana da tata alamar ƙarshen layi, sabuwar sabar kuwa ba ta gane ta ba, sai ta ɗauki fayil ɗin duka a matsayin layi ɗaya ta zube shi.

Auta ta rufe allon da tafin hannu, ta koma cikin manhajar. Can ta tarar da bayanin da Baba ya bari, irin wanda yake mata tana kan cinyarsa: buɗe, karanta, rufe. Ta koya wa manhajar tsohuwar alamar, sannan ta kira gida.

Mama ta ɗauka tana tauna wani abu. Auta ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta tambaya ko an duba shafin yau.

"Na duba," in ji Mama. "Da na ga tsawonsa na kife wayar. Yaushe babanki ya taɓa yin surutu haka?"

"Ki sake dubawa, Mama."

Mama ta sake dubawa, sai dariya ƙasa-ƙasa.

"Wai in daina ba shukar bakin taga ragowar shayi. Bari in je, na riga na zuba mata."