Igiyar Tunkiyar Inna

Inna ta manta sunan mijinta marigayi, ta manta hanyar banɗaki, ta manta ko ta ci abinci ko ba ta ci ba. Abu biyu ne tsufa ya kasa ƙwace mata: tunkiyarta, da iya kwance ƙulli.

'Yarta, wadda unguwa ke kira Mai Ɗinki saboda keken da take takawa a ƙofar ɗaki, ita kaɗai ta rage tana jinyarta. Ita ce auta, kuma da Auta Inna ke kiranta tun tana goye. Yanzu sunan ya koma kan tunkiya. Da safe Inna za ta fito da kwanon dusa tana "Auta, Auta," dabbar ta taho ta cusa kai a cinyarta. Ita kuwa Mai Ɗinki sai dai a ce mata, "Baiwar Allah, sannu da aiki. 'Yar gidan wa ce ke?" Abin dariya ne a ce mace da furfurarta tana jin haushin tunkiya, amma ta ji, ta kuma sha kuka a bayan keke. Duk da haka ba ta taɓa fatan rabuwa da dabbar ba, domin Inna ba ta kai loma baki sai ta ga Auta ta sa baki a dusa.

Ana nan sai hukumar gari ta fito da doka. Tun da aka zuba kwalta a layin, babura suka yi yawa, an sha kwasar mutane zuwa asibiti saboda akuya ta gitta. Dokar ta ce kowa ya ɗaure dabbarsa a cikin gida. Wadda aka kama a titi za a mayar wa mai ita da gargaɗi, in kuma ta sake, sai gwanjo. Tsakani da Allah dokar ba ta da laifi. Mai Ɗinki da bakinta ta faɗi haka, ta je ta sayo sabuwar igiya.

Abin da ba ta yi tunani ba shi ne, Inna da tufkar igiya ta raine su. Kai ya manta, yatsu ba su manta ba. Duk ƙullin da Mai Ɗinki ta yi, kafin ta gama ɗinka hannun riga Inna ta warware shi, ta naɗe igiyar tsaf ta ajiye a gefe. Haka wata rana jami'in kula da dabbobi ya yi sallama, janye da tunkiyar.

"Hajiya, a bakin titi muka tsince ta," in ji shi. Ya leƙa ya ga tsohuwar ta rungume wuyan dabbar tana yi mata faɗa, sai ya sassauta murya. "Ni ma ina da irinta a gida, Allah ya ba ta lafiya. Amma don Allah ki nemi sarƙa da kwaɗo. In ta sake fita, abin ya fi ƙarfina."

Ta sayo sarƙar, ta datse kwaɗo. Inna ta zauna a gindin turke tana ta lalube, tana neman bakin ƙullin da babu shi, har farcenta ya fashe ya yi jini. Ta ƙi ci, ta ƙi sha. "Wa ya ɗaure mini 'ya kamar ɓarauniya?" take tambayar bango. "Me ta ɗauka? A faɗa mini in biya." Washegari ma haka, muryar ta dishe, laɓɓanta sun bushe.

Mai Ɗinki ta kasa jurewa. Ta buɗe kwaɗon, ta ce a ranta ai ƙofar gida za ta riƙa sakatawa, idonta kuma yana kai. Ranar Inna ta ci abinci har da neman ƙari, ta yi wa Auta waƙa, ta yi dariyar da aka daɗe ba a ji ba. Mai Ɗinki ta ga kamar ta yi dabara.

Bayan 'yan kwanaki wata mata ta zo awon riga, ta shigo tana waya, ta bar ƙofa a buɗe. Mai Ɗinki na riƙe da tef a kafaɗarta ta ji ƙarar birki da ihun mutane. Ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. Wani mai babur ne kwance a kwalta, hannunsa ya karye, kayan da ya ɗauko sun watse. Tunkiyar na tsaye a gefe tana tuƙa, ko ƙwarzane babu.

Jami'in nan dai ne ya zo. Mai Ɗinki ta durƙusa masa a gaban jama'a, ga shi kuwa ta isa ta haife shi.

"Ɗana, ka dubi Allah. Ba tunkiya za ka ɗauka ba, abincin tsohuwa za ka ɗauka. Ni na buɗe kwaɗon, ni za ku hukunta."

"Tashi, Hajiya, don Allah tashi," ya ce, bai yarda sun haɗa ido ba. "Wancan da aka kai asibiti ma iyali gare shi, da wannan hannun yake ciyar da su. Makon jiya na ɗauki akuyar maƙwabcinki. In na bar miki taki, me zan ce masa?"

Abin da ya fi ci mata rai shi ne gaskiya ya faɗa. Aka ɗora Auta a bayan mota tana kuka, ita kuma ta koma gida ta tarar Inna na barci.

Da gari ya waye Inna ta fito da kwanon dusa. Ta duba gindin turke, ta duba bayan randa. "Auta," ta kira. "Auta?"

Mai Ɗinki ta ajiye farantin abincin da ta kawo, ta durƙusa ta ɗora kanta a cinyar mahaifiyarta. "Na'am, Inna. Ga ni."

Hannun ya sauka a kanta yana shafawa a hankali. Rabonta da wannan hannu har ta manta, sai ta runtse ido, ta ƙi ko motsi. Yatsun suka yi ta lalube har suka sami ƙullin ɗankwalinta, suka warware shi, suka ninke shi tsaf. Sannan Inna ta ɗago fuskarta ta dube ta da kyau, cikin ladabi irin na baƙo.

"Baiwar Allah, ba ki ga 'yata ba? Tun jiya ba ta ci komai ba."

Ta ture farantin gefe, ta gyara riƙon kwanon dusa, ta zuba wa ƙofa ido.