Jar Kubewar Kulu

Malam Bubayero ya tsaya a bakin gonarsa da famfon feshi a baya, ya buɗe baki ya manta bai rufe ba. Dawa dai tubarkalla, ta yi kore shar, ciyawa kuma ta kwanta kamar yadda mai shagon magani ya yi masa alkawari. Sai dai maganin bai san iyaka ba. Iskar shekaranjiya ta ɗebe shi ta watsa a kan 'yar gayaunar matarsa Kulu. Ga kubewarta nan kaf ta langaɓe, ganye ya murɗe, 'ya'yan da suka fara fitowa sun lanƙwashe.

"Innalillahi," in ji shi. Ya murza ido ya sake dubawa, ko gizo ne. Ba gizo ba ne.

Da kubewar kowa da kowa ce, da da sauƙi. Wannan ja ce, gajera mai kauri, wadda Kulu ta zo da irinta daga Kademi ƙulle a bakin zane tun ranar da aka kawo ta Balan. Daga hannun mahaifiyarta ta karɓa, tsohuwar kuwa ta daɗe a ƙasa. Da ranin nan ɓeraye suka shiga tulun iri, ɗan abin da ya tsira shi ta shuka gaba ɗaya. Ranar da ya sayo famfon sai da ta ce masa, "Malam, wannan abin naka kar ya kusanci kubewata." Shi kuma ya ce mata wannan ilimi ne, ta bar wa masu shi.

Yana cikin wannan sai ga Hamma a kan hanya, da fartanya a kafaɗa. Hamma ɗan gwaggonsa ne, abokin wasansa, mutumin da in ka yi tuntuɓe a gabansa sai jikokinka sun ji labari. Bubayero ya yi maza ya tare shi tun daga nesa, ya baza babbar riga don ta kare ɓarnar.

"A'a, likitan dawa! Yau ma allura za a yi mata?"

"Na gama nawa. Ungo, aro na ba ka, da sauran magani a ciki. Ka huta da duƙawa, bayan nan naka ya fara zama baka."

Gaskiyar magana, so yake abin ya bar idonsa. Hamma ya jujjuya famfon yana taɓe baki, amma ya saɓa shi, ya ce in an yi azahar zai gwada ya ga ƙaryar zamani.

Daga nan Bubayero ya hau bayan ɗan acaɓa sai kasuwar Ajingi. Ya zaga rumfunan 'yan gwari kaf yana tambayar jar kubewa. Wani ya ce bai taɓa gani ba, wani ya ce ko tattasai Baba yake nufi. Da ya gaji sai ya sayi wadda ya samu, koriya zabga-zabga, ya juye ta daga leda zuwa aljihun riga don ta yi kama da abin da aka tsinko a gona. Dattijo guda, da furfurarsa da komai!

Ya tarar da Kulu a tsakar gida tana tankaɗen garin dawa. Ya zazzage mata kubewar a faifai yana kallon wani wuri.

"Na biya ta gayaunarki na tsinko miki, kar ta tsufa."

Kulu ta ɗauki guda ta duba ta sama da ƙasa. "Ikon Allah. Bana kuma koriya ta fito?"

"Yawan ruwa ne. Yana wanke launi."

"Har tsawo ta ƙara."

"Takin da na zuba wa dawa ne ya gangaro."

Ta sa yatsa ta tono wani abu ja daga cikin tulin, gyaran da mai kayan miya ya jefa masa bai lura ba. "Sannu da ƙoƙari, Malam. Ga shi har attaruhu ta fara haifa."

Bubayero ya ce bari ya je ya yi alwala.

Kulu ta hura wuta, ta ɗora tukunya, ta daka daddawa da attaruhun nan nasa, ta goge kubewar ta zuba da 'yar kanwa, ta kaɗa da maburgi. Da ya dawo daga masallaci ta ajiye masa malmalar tuwon dawa da man shanu a kan tabarma. Ya gutsura ya tsoma. Miyar ba ta da laifi, amma ba ta bin hannu. Ta jar kubewar Kulu kuwa sai ka ɗaga loma har ƙirji yauƙinta bai tsinke ba.

"Jiya da yamma na je," in ji Kulu. Ta zauna a bakin tabarma tana kallon murhu. "Na gani. Na zauna a kan kunya na yi kukana, na share hawaye na dawo. Ba miyar ce ta dame ni ba, Malam. Duk shekara in na ga ta yi fure sai in ji kamar Inna ta leƙo."

Kunya ta kama shi. Ya so ya ɗora wa iska laifi, ya ga ba zai iya ba.

"Ki yafe min, Kulu. Babu ko ƙwaya ɗaya da ta rage?"

"A gidan nan dai babu. Allah ya sa da farkon damina na ɗibar wa Amarya, matar Hamma, 'yan ƙwayoyi. Ta shuka a gefen gonarsu, jikin dawa. In ta bar min biyu suka bushe a jikin uwar, na samu iri."

Hannun Bubayero ya tsaya a cikin kwano. Ya ɗaga kai ya ga ganyen darbejiya yana kaɗawa, hadari na haɗowa daga gabas da iskarsa.

"Gefen gonar wa kika ce?"

Bai tsaya jin amsa ba, bai tsaya wanke hannu ba. Mutanen Balan da ke zaune a ƙofar masallaci sun ga abin da ba su taɓa gani ba: Malam Bubayero, wanda ko ruwan sama bai taɓa sa shi sauri ba, ya tattare riga yana falfala gudu da takalmi ɗaya. Wani ya tambaya ko gobara ce, wani ya ce ƙila sa ne ya ɓalle.

Ya hango Hamma a tsakiyar dawa yana ta bugun famfo, hazon magani na tashi, saura 'yan kunyoyi ya kai gefe.

"Hamma! Tsaya! Don girman Allah tsaya!"

Ya tsallake kunya ya faɗa gaban kubewar Amarya, ya ware hannuwa yana haki. Tana nan lafiya lau, jajayen 'ya'yanta a tsaye. Hamma ya saki famfon ya dube shi tun daga hular da ta karkace har ƙafar da ba takalmi.

"Buba, wa ya biyo ka? Kuma mene ne wannan a gemunka, miya?"

Bubayero ya faɗa masa komai, har da aljihun riga, har da attaruhu. Hamma ya yi dariya sai da ya zauna a ƙasa, ya rantse wannan labari har ranar sunan tattaɓa-kunne sai an ba da shi.

"Ka faɗa wa duk wanda ka ga dama," in ji Bubayero.

Ya kama bakin babbar rigarsa da haƙori ya yage ƙyalle, ya durƙusa ya ɗaura a wuyan wata ƙosasshiyar kubewa, yadda mata ke yi wa wadda za a bar wa iri don kar a tsinke. Ƙullin ya ƙi kamawa sai da ya sake. Dariyar Hamma ta yi ƙasa, ta ƙare. Ya sauke famfon daga bayansa, ya kai shi can nesa gindin wata kuka ya jingine, ya dawo ya tsuguna kusa da shi.

"Yago wani," in ji Hamma. "Ga waccan can, ta fi girma."