Kwandon Sharar Sakatariya

Ranar Litinin da safe Sakatariya ta shigo ɗakina da wayarta a hannu, tana riƙe da ita nesa da jiki kamar kofin shayi mai zafi.

"Injiniya, ina kwandon shara yake a wannan abin?"

Ni ba injiniya ba ne. Ni ne dai mai kula da kwamfutocin ofis, amma a wurinmu duk wanda ya iya mayar da fulogi inda ya zare to injiniya ne. Na karɓi wayar, na jona ta da allon da ke kan teburina, na nuna mata kwandon. Wayam, babu komai a ciki.

"Ba wannan ba," in ji ta. "Nawa nake nufi. Na tsohuwar laftof."

A nan na tuna. Gabana bai faɗi ba, ban ji komai ba, na dai tuna.

Wata biyu da suka wuce ne aka sako wa wayoyinmu sabuwar manhaja. Ka jona wayarka da allo da madannai, sai ta koma kwamfuta sak, da takardu da jadawali da komai. Manaja ya ga abin a wajen wani taro, ya dawo jiki na rawa, ya ce zuwa ƙarshen wata kowa ya miƙo laftof ɗinsa. Aikina shi ne in kwashe abin da ke cikin kowace in zuba a wayar mai ita, sannan in goge ta tas har sau uku kamar yadda dokar kamfani ta ce, kafin masu saye su zo. Guda sittin da huɗu. Manhajar kwashewar tana ɗaukar komai, ban da abin da ke kwandon shara. To wa zai yi ƙaura da shararsa?

Sakatariya kuwa a nan take ajiya. Shekara shida ke nan da rasuwar maigidanta, kuma bidiyonsa ɗaya tak ya rage mata a duniya. Wayar da ta ɗauke shi da ita an zare mata a tashar mota, Allah ya sa ta riga ta kwafa a laftof ɗin ofis. Doka ta hana ajiye abin gida a kwamfutar aiki, tsohon manaja kuma mutum ne mai leƙe-leƙe. Sai ta gano wuri ɗaya da babu mai leƙawa, ta jefa shi can. Kullum da safe ta buɗe kwandon, ta fito da shi, ta kalla, ta mayar.

Ni kaɗai na sani. Shekara huɗu baya laftof ɗinta ta yi nauyi, na zo zan zubar da sharar sai na ga fayil guda an sa masa suna "kar a taɓa". Na buɗe, na kalla sau ɗaya, na rufe. Na kashe abin da ke zubar da kwandon da kansa, na mayar mata ban ce uffan ba. Ranar har na ji daɗin kaina, wai ni mai rufa wa mutane asiri. Ban ce mata ta kwafa a wani wuri ba, ni ma ban kwafa mata ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce tata ce ta hamsin da ɗaya. A lokacin hannuna ya daina jiran umarnina: jona, kwashe, cire, goge, manna lamba, ɗora a kan 'yan'uwanta. Sakatariya ta tsaya a kaina da jakarta a kafaɗa.

"Komai ya shiga ko?"

"Komai, Anti," na ce, ko kai ban ɗaga ba.

Yanzu ga ta a gabana. Na ce ta biyo ni sito. Laftof ɗin suna jere a kan kanta, goma-goma, duk iri ɗaya. Na zaro mai lamba hamsin da ɗaya. Ita ta gane abarta tun daga nesa, saboda harafin A da ya goge don yawan bugawa. Na kunna, na sa mata duk wata manhajar tono abin da aka goge da na sani. Ta zauna a kan kwalin takarda, jaka a cinya, tana kallon koren layin binciken yana rarrafe a allo.

Na san babu abin da zai fito. Sau uku na goge, kuma ni mutum ne mai yin aikinsa da kyau. Amma na bar layin ya yi ta tafiya, don ban san me zan yi da bakina ba idan ya tsaya. Wajen sha ɗaya Manaja ya kira ta, ta je ta buga masa wasiƙa da sabuwar manhajar, ta dawo ta zauna a kan kwalin. Har ta ce mini abin yana da sauri, ba laifi.

Ƙarfe ɗaya saura layin ya kai ƙarshe. Fayil sifili.

"Babu ko?"

"Babu, Anti. Laifina ne. Na san yana ciki."

Na ɗauka za ta yi faɗa, da ma ta yi. Sai ta ɗago ta dube ni sosai, karo na farko tun safe.

"Ka sani? Wato ka taɓa kallo?"

"Sau ɗaya."

"Alhamdu lillahi," in ji ta. Ta gyara zama. "To akwai wata magana da baban yara yake yi a ƙarshe, bayan ya yi dariya. Kullum a ofis nake kallo, sai in rage murya don kar a ji, ban taɓa jin ta sosai ba. Ina ta cewa sai wata rana in na samu natsuwa. Me ya ce?"

Na lalubi kaina ciki da waje. Ban tuna fuskarsa ba, ban tuna rigarsa ba, balle magana. Ni idona ba a kan mutumin yake ba ranar, yana kan ƙasan allo.

"Minti ɗaya ne da daƙiƙa goma sha biyu," na ce. "Shi kaɗai na riƙe."

Sai ta buɗe jaka ta ciro biro da 'yar takarda, ta ɗora a gwiwa, kamar yadda take yi idan Manaja zai faɗi wasiƙa.

"Sake faɗa," in ji ta.