Hantar Rago a Teburin Lokotoro

Shekara talatin Abarci yana fawa a kasuwar Dakoro, babu lungun cikin rago da hannunsa bai sani ba. Amma da ciwo ya shiga cikin 'yarsa Lailatu, mai shekara tara, sai kansa ya ɗaure tamau.

Kowa ya ce shawara ce. Ido ya yi rawaya, fitsari kamar shayi, bayan gida fari fat. Mahaifiyarsa Uwale ta jiƙa saiwar rawaya, ta hana yarinya mai da nama, a gidan mahauci fa! Lailatu ta samu sauƙi. Bayan wata huɗu abin ya dawo, da zazzaɓi da ciwo a gefen dama. Ya tafi, ya sake dawowa. Wace irin shawara ce wannan da ba ta san sallama ba?

Lokotoron asibitin Dakoro ya taɓa cikin, ya ji ƙullutu a ƙarƙashin haƙarƙari, ya tura su Maradi. Uwale ta rako su har bakin mota.

"Komi za su yi, ban da allura," in ji ta. "Mai shawara ba a yi mishi allura. Ko ka mance Samba?"

Ina zai manta? Ƙanensa ne, shawara ta kama shi, aka yi masa allura, kwana biyu ya cika.

A Maradi aka ɗauki hoton cikin. Lokotoro Nafi'u ya nuna masa wani duhu-duhu a takarda, ya ce ba shawarar da aka sani ba ce, hanyar maɗaci ce ta kumbura, kuma da ita aka haifi yarinyar. Ya zana layi, ya zana da'ira, ya haɗa da Faransanci. Abarci yana ta gyaɗa kai kamar ƙadangare, ko ɗaya bai gane ba. In da ita aka haife ta, ina ta ɓoye shekara tara? In ba shawara ba ce, me ya rina idon? Abu ɗaya ya shiga kunnensa: sai an yi aiki, in ba haka ba hanta za ta lalace. Aka miƙo masa takardar yarda, ya ce a ba shi zuwa gobe.

Da safe ya nufi mahauta, ya sayi hantar rago da matsarmamarta a jiki, ya dawo ya dire ta a kan teburin lokotoro.

"Lokotoro, takardarka ba ta yi min magana ba. Gwada min nan."

Lokotoro ya yi dariya, sannan ya sa safar hannu. Ya bi matsarmama da yatsa har zuwa wani siririn zare mai gangarawa hanji. Abarci ya yi tsaye. Sau dubu nawa ya yanke wannan zaren ya jefa wa karnuka, bai taɓa tambayar aikinsa ba.

"Nata ya kumbura kamar ƙwan zabo, maɗaci ba ya wucewa, sai ya koma cikin jini. Za mu cire shi tare da matsarmama, mu haɗa hanji da hanta."

"To, allura fa? Ƙanena yana da shawara aka yi mishi ita, ya mutu."

"Malam Abarci, ba a aiki sai da allura. Ɗan'uwanka ban gan shi ba, amma sau da yawa ciwon ne ya riga ya ci ƙarfi."

Ga maganar uwa, ga zare a gabansa. Ya dangwala yatsa a takarda, yatsan yana ƙarnin hanta.

A ƙofar ɗakin aiki Lailatu ta riƙe rigarsa. "Baba, Kaka ta ce allura kashe ni za ta yi."

"Wagga ba irin ta Samba ba ce," ya ce, shi kansa bai tabbata ba.

Awa huɗu yana zaune, bai ci ba, bai sha ba. Sai ga lokotoro ya fito da ɗan kwano, ya ce Lailatu ta farka, tana neman ruwa. Abarci ya leƙa kwanon, ya ga ƙullutun, ga matsarmama a gefe, an fitar da ita lafiya lau, yanka mai tsabta irin na gwanin mahauci.

"Ba ka fasa ta ba," ya ce.

Sai ya durƙusa a wurin ya fashe da kuka.