Fedal Mai Tari

Duk wanda ya san Hambali dillalin shanu, da ya gan shi a wannan safiya tsugune a rumfar Modu cikin kasuwar Magariya, ya kara kunne a jikin wani baƙin akwati yana ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya san ba za a kai magariba ba sai an yi ɓarna. Haka yake yi wa saniya in yana zargin huhunta. Bambancin kawai, ita saniya ya san ta.

Akwatin sunansa ampili. Shi ke ba gita mai lantarki murya. In babu shi, gitar ɗansa Gidaɗo ba ta fi sauro ƙara ba. Wata takwas ke nan Gidaɗo yana kaɗa ta a zauren gidansu a Dungas, ba mai ji sai shi da awaki. Yau da la'asar kuwa samariya, ƙungiyar matasan gari, za ta zaɓi makaɗan da za a kai Damagaram bikin matasa. Gidaɗo ya riga ya faɗa wa uwarsa, uwarsa ta faɗa wa Hambali, cewa in ba a ɗauke shi ba zai tsallaka iyaka, daga Kano sai Ikko. Wansa Laminu ta nan ya bi shekarar fari, da shanu suka ƙare. Shekara uku ke nan ko takarda ba a gani ba. Shi ya sa Hambali, wanda ko kalangu ba ya tsayawa saurare, ya sayar da ragon da yake kiwo don layya, ya biyo ɗansa ya taya shi zaɓen ampili. Ba wanda ya roƙe shi wannan tayin.

Modu Babarbare ne, yadi da agogo yake sayarwa. Kayan kiɗan nan ya kwaso su ne a Kano, wajen wasu makaɗa da suka yi faɗa suka watse. Ampili biyu ne. Ɗaya ya kai ƙugun mutum, sai ƙarti biyu ke ɗaga shi. Ɗayan ƙarami ne, mai hannu a sama, ana ɗaukarsa kamar jakar boka.

Hambali ya zagaya babban sau biyu, ya yi ƙoƙarin ɗaga shi ya kasa, ransa ya yi fari. Ya ce wannan za a saya, domin dabba da ƙashi ake sayenta. Gidaɗo ya yi ƙasa da murya ya bayyana masa cewa babban sai da wutar lantarki yake aiki, kuma a Dungas wutar da ake da ita ta murhu ce. Ƙaramin kuwa batirin mota ya ishe shi.

“Saya masa babban, Bafillace,” in ji Modu. “In bai yi kiɗa ba ku zuba gero a ciki.”

“Ba da kai nake ba, bawana. Da ɗana nake.”

Aka yi ta ja. Hambali ya kawo misalin bijimin da ya taɓa saya a Kwaya, Gidaɗo ya ce bijimi ciyawa yake ci, ita kuwa akwai ta a Dungas. Daga ƙarshe aka tsaya a kan ƙaramin. Hambali ya yarda ne irin yardar wanda aka kayar a gaban surukai.

Sai Modu ya fito da wasu ƙananan akwatuna uku na ƙarfe, kowane bai fi tafin hannu biyu ba, ya jera su a ƙasa. Fedal ake ce musu. Ana haɗa su tsakanin gita da ampili, makaɗi ya taka da ƙafa, muryar gita ta sauya. Hambali ya ce shi bai taɓa jin an sayi abu don a tattake shi ba, in ba takalmi ba. Modu ya jawo batir daga ƙarƙashin tebur, Gidaɗo ya rataya gita.

Da ya taka na farko, gitar ta shiga kuka kamar jinjirin da aka ƙwace wa nono. Hambali ya ce a wuce. Da ya taka na biyu, muryar ta kama rawa, tana zuwa tana komawa. Hambali ya ce wannan zazzaɓi ne, amma mai warkewa. Da ya taka na uku, sai wata irin gurnani ta fito, mai kaushi, mai ƙarar tsagewa, ta kuma ƙi mutuwa. Tsirkiya ɗaya ya taɓa amma ƙarar ta miƙe har wani jaki a layin masu gishiri ya amsa. Fuskar Gidaɗo ta buɗe. Rabon Hambali da ganin haƙoran ɗansa haka tun yana ƙarami.

“Wannan,” in ji Gidaɗo.

“Wannan huhu ne,” in ji Hambali. “Shekara ashirin ina dillanci, ban taɓa sa hannu a dabba mai irin wannan numfashi ba.”

Gidaɗo ya yi bayani iya ƙoƙarinsa. Ya ce haka aka ƙera shi, kaushin shi ne amfaninsa. Ya ce duk waɗanda za su gwada yau muryar gitarsu iri ɗaya ce, sumul, irin ta mushen lakwal, wato malamin makarantar boko. Wannan kuwa babu mai ita a duk ƙasar Magariya, sai a faya-fayan da ke zuwa daga Ikko ake jin ta. Da bai ambaci Ikko ba da ya fi. Modu ya ƙara da cewa Turawa sun ɓata shekaru kafin su gano yadda za su lalata ƙara haka, bai kamata Bafillace ya raina wahalarsu ba.

Aka saya. Hambali ya biya yana kallon gefe.

Wajen hantsi Gidaɗo ya ɗauki gita da ampili ya tafi gidan samariya, don ya rubuta sunansa ya kuma nemi aron batir wajen wani direba. Fedal ɗin ya bar wa ubansa, ya ce ya riƙe masa a aljihu kada ƙura ta shiga, kada kuma samari su gani kafin lokaci.

Hambali ya zauna gindin wata tsamiya, abin yana masa nauyi a aljihu. A zuciyarsa ya ga ɗansa tsaye gaban jama'a, ya taka, gitar ta yi tari. Ya ga manyan baƙi suna duban juna. Ya ji ana tambaya ɗan wane ne, ana cewa ɗan Hambali na Dungas, wanda Babarbare ya sayar wa mushe. Wannan duk zai iya haɗiyewa. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne abin da zai biyo baya: yaron ya naɗe tabarmarsa, uwarsa ta tsaya bakin ƙofa karo na biyu. Yaro bai san kasuwa ba, in ji zuciyarsa. Mai saye ido gare shi, uba kuwa kunne. Ya miƙe ya tambayi inda mai gyaran rediyo yake.

Alkasim mai gyaran rediyo yana zaune cikin gawarwakin rediyoyi, da ƙarfen liƙi a cikin garwashi. Bai taɓa ganin fedal ba, amma bai ga dalilin da zai sa ya faɗi haka ba. Tun da babu gita, sai ya haɗa abin tsakanin wani rediyo da lasifika, ya danna. Mai karanta labarai daga Yamai, mutum mai murya kamar man shanu, nan take ya koma kamar wanda aka shaƙe.

“Ka ji ko?” in ji Hambali.

“Allah ya so ka, Malam, ka kawo shi da wuri.”

Ya kwance, ya leƙa, ya yi tsaki irin na gwani. Ya ciro wasu 'yan abubuwa biyu baƙaƙe, masu ƙafa uku-uku, ya ɗora a tafin Hambali. Hambali ya duba ya ce wallahi kamar kaska. Alkasim ya ce ai kaskar ce. Ya ɗauki waya ya haɗa mashiga da mafita kai tsaye, ya liƙe da dalma, ya rufe. Ya danna, mai labarai ya ci gaba da magana lafiya lau. Ya sake dannawa, lafiya lau. Duk yadda aka taka shi yanzu, ba abin da yake yi. Alkasim ya ce ba sai an biya ba, a bar masa kaskokin. Hambali ya fito yana sa masa albarka, yana mamakin yadda har yanzu ake samun masu tsoron Allah a birni.

Da la'asar filin gidan samariya ya cika. An jera benci, alƙalai uku suna gaba: sarkin samari, da wani mushen lakwal, da wani baƙo daga Damagaram mai baƙin tabarau da littafi a cinya. Hambali ya miƙa wa ɗansa fedal, ya nemi wuri cikin dattawa.

Makaɗa biyar suka riga Gidaɗo. Duk muryar gitarsu sumul, har Hambali ya kasa gane inda ɗaya ya tsaya wani ya fara. Baƙon ya yi hamma sau biyu.

Gidaɗo ya fara a hankali, wani abokinsa mai ganga yana biye da shi. Kiɗan ya yi daɗi, Hambali da kansa ya ji ƙafarsa tana motsi. Waƙar ta yi ta hawa, ta yi ta hawa, har ta kai inda suka shirya: mai ganga ya ɗauke hannu cak, Gidaɗo ya ja tsirkiya ɗaya ya taka fedal, ya ɗaga kai sama yana jiran ƙarar da za ta cika filin.

Tsirkiyar ta ce ƙil, ta mutu.

Ya sake takawa. Ya sake. Fili ya yi tsit, ba a jin komai sai ƙarar takalminsa a kan ƙarfe.

“Ka ji yadda ya warke?” in ji Hambali ga dattijon da ke kusa da shi. “Da safe tari yake yi.”

Daga baya wani ya tambaya da ƙarfi ko kunama yaron yake kashewa. Aka yi dariya, ba mai yawa ba, daidai wadda za ta isa. Sai a lokacin Hambali ya dubi fuskar ɗansa sosai. Gidaɗo ya yi wa mai ganga alama, suka ƙarasa waƙar yadda ta samu. Baƙon ya rubuta wani abu a littafinsa, ya ce za a aiko da sunaye ranar kasuwa mai zuwa.

Da mutane suka watse, Gidaɗo ya zauna a benci ya juya fedal ɗin. Ya ga sabon karce a bakin ƙusoshi. Ya sa wuƙa ya kwance, ya daɗe yana kallon dalmar da ke ƙyalli a ciki.

“Baba, wa ya taɓa shi?”

“Tari yake yi,” in ji Hambali.

“Tarin na saya, Baba.”

Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da Hambali ya samu abin kamawa. Ya ajiye fedal a kan benci, ya rataya gita, ya ɗauki ampili, ya ce zai bi kamiyon yamma, babbar motar kaya, zuwa Dungas. Bai tambayi ko uban zai zo ba.

Hambali ya ɗauki abin ya koma wajen Alkasim, ya same shi yana haɗa kaya. Ya ce a mayar da kaskokin nan inda aka ciro su. Alkasim ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube shi. Ya ce tun da ya fara sana'a, yau ne aka fara dawo masa da mai lafiya a ce ya mayar masa da cuta. Sa'an nan ya ce ko da yana so ba zai iya ba. Kaskokin lafiyarsu ƙalau ashe. Ya sa su a rediyon wani mutum, rediyon ya tashi, mutumin ya biya ya hau jakinsa tun bayan azahar. Irinsu kuwa ba shi da wasu, sai Kano.

“Mutumin ina ne?”

“Wajen ƙauyen Dogo-Dogo.”

“Sunansa?”

“Ni rediyo nake tambaya abin da ke damunsa, ba mai shi ba. Dogo ne, da shuɗin rawani.”

Hambali ya ce wannan ai rabin mutanen Dogo-Dogo ne. Alkasim ya yi tunani, ya ƙara da cewa jakin yana ɗingishi da ƙafar baya ta hagu, ya lura ne don ya kusa ture masa tebur.

Wannan kam yaren Hambali ne. Ya fita bakin gari inda hanyoyi suka rabu. Kamiyon Dungas yana tsaye ana lodi, ya hango wuyan gita a sama cikin buhuna, bai matsa kusa ba. Ya tsuguna a hanyar jakai yana duba rairayi, cikin sawu ɗari, har ya ga wanda ƙafa ɗaya ba ta nutse kamar sauran ba. Jaki mai ɗingishi ba ya nisa. Ya gyara takalminsa, ya bi.

Yana tafe yana shirya abin da zai faɗa wa mutumin da bai sani ba, don ya yarda a sake kashe masa rediyon da aka tayar yau. Duk yadda ya juya maganar, ba ta fito kamar ta mai hankali ba.

Bai san ko mutumin zai yarda ba. Bai san abin da mai baƙin tabarau ya rubuta ba. Bai kuma san ko Gidaɗo zai sauka a Dungas ya jira ranar kasuwa ba.