Ƙugun Orval da Gwiwar Wendell

A ƙasar nan tamu babu mai sa'a kamar wanda ya karye a watan Fabrairu. Duk wanda ya musa, bai san Orval Hasek ba.

Orval ya faɗo daga rufin garejinsa yana kwashe ƙanƙara, ƙugu ya tsage. Aka yi masa aiki, ya biya dala dubu shida, wato iyakar abin da inshorarsa ke ɗora masa a shekara. Daga nan har ƙarshen Disamba, duk abin da likita ya rubuta, kamfani zai biya. Orval kuwa ba ya wasa da ni'ima. Aka auna barcinsa, aka leƙa hanjinsa, aka miƙe masa wani yatsan ƙafa da bai taɓa damun kowa ba.

Mijin ƙanwarsa, Wendell Pruitt, shekara goma sha ɗaya yana zuba kuɗin inshora bai ci ko sisi ba. Lafiya ta cuce shi. Gwiwarsa ta hagu ce kawai ke ƙara, ita ma lallaɓa ta yake saboda tsada.

A watan Satumba suna gasa nama a bayan gidan Orval, sai mai gidan ya ɗaga riga ya nuna sabon ɗinki.

"Wannan kuma na mene ne?" in ji Wendell.

"Oho! Likita ya ce ko a cire ko a bari. Na ce cire, ai ba kuɗina ba ne. Kai fa, mijin ƙanwata, har yanzu da gurguwar gwiwar?"

A mota Wendell ya ce wa matarsa, "Loretta, kin ga yadda yayanki ke taƙama da asibiti kamar gidan ubansa? Ni ma sai na kai iyakar nan."

"To ka je a yi aikin gwiwar mana, da kanta za ta kai ka."

"A'a. So nake ranar aikin in tsaya gaban mai karɓar kuɗi ta ce mini babu abin biya. A gaban Orval."

Kuɗin da ke gidan dala dubu shida ne da 'yan kai, waɗanda Loretta ta tara daga aikin girki a makarantar firamare don sauya injin ɗumama gida kafin sanyi. Wendell ya fara da hoton gwiwa, ya bi da allurai, gashin ƙashi, gwajin zuciya. Kowace takardar biya ta iso, sai ya yi murmushi kamar an ƙara masa girma. Ranar sha biyu ga Disamba ya kai iyaka, kuɗin injin kuma suka ƙare. Aka sa aikin ranar ashirin da tara.

Ranar ashirin da takwas asibiti suka bugo waya. Mura ta kwantar da likita, sun yi haƙuri, an mayar da aikin huɗu ga Janairu. Sabuwar shekara, sabon lissafi.

Aikin ya yi kyau. Orval ya zo dubiya da lemo, ya dafa kafaɗarsa. "Kai, ka fi ni sa'a! Ni Fabrairu, kai Janairu. Shekara guda cur kyauta!"

Fuskar Wendell ta washe. Nan take ya fara lissafin abin da za a cire masa.

Loretta ta fita baranda, ta roƙi ofishin kuɗi na asibitin su raba mata biyan dubu shidan sabuwar shekara wata-wata. Da ta koma gida ta tarar injin ya sake mutuwa. Ta ɗora rigar sanyi ta biyu a kan ta farko, ta ɗora miya a wuta.